Ina rubuta labarin leƙen asiri, amma na maƙale a babi na tara

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa marubuta. Ni malamin makarantar sakandare ne a Zariya, ina koyar da tarihi, kuma shekara biyu ke nan ina fama da wani ƙagaggen labari na leƙen asiri da nake fatan ya zama littafina na farko. Kafin wannan ban taɓa rubuta abin da ya wuce gajerun labarai huɗu ba, su ma abokaina kaɗai suka karanta. Abin da ya jawo ni wannan fage shi ne, tun ina yaro nake karanta littattafan Turanci na aljihu da ake shimfiɗawa a bakin titi, kuma kullum ina mamakin yadda ba kasafai ake samun irinsu da Hausa ba, alhali muna da littattafan soyayya da na yaƙi da na barkwanci har ba su ƙirguwa.

Tauraron labarin jami'in tsaro ne na farin kaya, wanda aka tura ya bi sawun wasu masu shigo da makamai ta iyakar Jibiya. Babi takwas na farko sun zo mini da sauƙi, domin duk gudu ne da bin mota da harbe-harbe. Da na iso babi na tara, inda ya kamata ya koma ofis ya ba shugabansa rahoto, sai alƙalami ya tsaya cak. Ban san yadda ofishin yake ba, ban san yadda suke kiran junansu ba, ban ma san ko da baki ake ba da rahoton ko a rubuce ba. Na rubuta babin sau shida, kuma duk lokacin da na sake karantawa sai in ji kamar fim ɗin Amurka nake fassarawa: mutanena suna magana da Hausa, amma bakin ba na Hausawa ba ne. Yau wata bakwai ban ƙara ko shafi ɗaya ba.

Shin dole sai mutum ya taɓa yin aikin tsaro kafin ya iya rubuta irin wannan labari? Na ji ana cewa manyan marubutan wannan fanni a Ingila tsofaffin ma'aikatan leƙen asiri ne, idan kuwa haka ne, to wataƙila na ɗauko Dala ba gammo. Ga kuma matsalar lokaci, domin ƙarfe bakwai nake fita in dawo ƙarfe uku, da yamma in koyar da 'ya'yan maƙwabta don cike giɓin albashi, da dare kuma ga takardun ɗalibai da za a duba, ga iyali, ga rashin wuta. Sannan maiɗakina ta fara nuna damuwa, tana cewa kada rubutun nan ya sa a zo a ƙwanƙwasa mana ƙofa da tsakar dare. Na yi mata dariya, amma ni ma abin ya ɗan tsaya mini a rai. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka.

Tsohon Alƙalami ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Na fara fitar da littafi tun zamanin da muke kai rubutun hannu wurin masu tafireta, mu biya maɗaba'a daga aljihunmu, mu ɗauki kwafin a kwali mu kai wa 'yan kasuwa a Sabon Garin Kano, su biya mu bayan sun sayar, idan sun ga dama. Ban taɓa rubuta labarin leƙen asiri ba, amma na karanta su da dama, kuma ciwon da ke damunka na san shi, don kowane marubuci yana da nasa babi na tara.

Gaskiya ne wasu daga cikin mashahuran wannan fanni sun yi aikin. David Cornwell, wanda duniya ta sani da sunan John le Carré, ya yi aiki da hukumomin leƙen asirin Birtaniya guda biyu, MI5 da MI6, kuma littafinsa na farko, wanda ya fito a 1961, a cikin jirgin ƙasa yake rubuta shi a hanyarsa ta zuwa aiki a Landan. Sai dai akwai abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Lokacin da zai fitar da na uku a 1963, wanda shi ne ya ɗaukaka sunansa, sai da hukumarsa ta duba rubutun, kuma ta ba shi izini ne saboda ta gamsu cewa ƙage ne tun daga farko har ƙarshe. Da yawa daga cikin laƙabobin da ya sa wa sassan ofishin da ma'aikatansa shi ya ƙirƙire su da kansa, masu karatu kuwa suka ɗauka haka ake faɗa a can. Abin da ya kwaso daga wurin aiki shi ne halin ma'aikata: hassada, da jiran ƙarin girma, da yadda babba yake fakewa da ƙarami idan abu ya lalace.

To, kai ma ai ma'aikacin gwamnati ne. Ka san ɗakin malamai, ka san wanda ke kai wa shugaban makaranta tsegumi alhali da shi ake cin gyaɗa ana hira, ka san wanda aka tsallake a ƙarin girma ya koma yana aiki da rabin zuciya, ka san yadda makaranta ke sauya kama ranar da sufeto zai zo. Ofishin da tauraronka zai shiga a babi na tara ofishin gwamnati ne a Najeriya, da fanka mai ƙara, da masinja a bakin ƙofa, da fayil da aka ɗaure da zare, da shugaba wanda hankalinsa ya fi karkata ga abin da zai faɗa wa na sama da shi fiye da abin da ya faru a Jibiya. Rubuta wannan ofishin, babu mai karatun da zai ƙaryata ka.

Akwai 'yan abubuwa da lallai ka sani, kuma ba sirri ba ne. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin soja ta kafa hukumar tsaro ta NSO. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta rushe ta, ta raba aikinta gida uku: SSS, wadda yanzu aka fi kira DSS, tana kula da cikin gida, NIA tana kula da ƙasashen waje, DIA kuma ta shafi harkar soja. Idan ka ɗauki jami'in farin kaya ka tura shi Dubai yana bin wani shi kaɗai ba tare da ka yi bayanin dalili ba, wanda ya san tsarin zai ajiye littafin.

Batun harshe kuwa, a ganina shi ne ainihin ciwonka. Mutanenka suna magana kamar fassara ne saboda daga fim ka aro su. Bahaushe bai rasa harshen asiri ba. Muna da habaici, da zaurance, da gugar zana, muna da hirar da dattawa biyu za su yi ta rabin sa'a a kan damina da farashin hatsi, su rabu kowa ya gane saƙon da aka ba shi ba tare da an ambaci abin ba. Shugaban tauraronka ba sai ya buga tebur ya yi tsawa ba. Ya isa ya saurari rahoton har ƙarshe, ya tambaye shi lafiyar mahaifiyarsa, sannan ya ce masa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tun da kai malamin tarihi ne, ka tuna cewa Turawa ba da ka suka shigo ƙasar nan ba, da ɗan gari akan ci gari. Suna da wakilai Hausawa, irin su Adamu Jakada, waɗanda suka riƙa kai musu rahoton halin da masarautu ke ciki kafin a ci Kano a Fabrairun 1903. Kaduna ba ta da nisa da kai, kuma Gidan Arewa da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa duk suna can. Ka je ka ga yadda rahoton ɗan rahoto na gaske yake kama.

Baba Mai Ritaya ya amsa:

Ɗana, ni ba marubuci ba ne, mai karatu ne kawai, jikata ce ma ta nuna mini yadda ake shiga nan. Na yi shekara talatin da ɗoriya a aikin kwastan, kuma kaso mai yawa na wannan lokaci a bakin iyakokin Arewa na yi shi. Ba leƙen asiri aka ɗauke ni yi ba, amma duk wanda ya yi aikin iyaka ya san cewa ba ya yiwuwa sai da masu kawo labari.

Babi takwas na gudu da harbi da ka ambata su ne suka ba ni dariya, ba na taran ba. A tsawon aikina, ranakun da na ji ƙarar bindiga ba su kai yatsun hannuna ba. Sauran duk jira ne: a zauna a ƙarƙashin bishiya tun hantsi har la'asar ana jiran motar da aka ce za ta biyo, ta ƙi zuwa, a koma a rubuta cewa ba ta zo ba. Labari kuwa yana zuwa ne daga mai shayi, da kamashon tasha, da mai canjin kuɗi, da yaron mota da ubangidansa ya hana shi hakkinsa. Kusan babu wanda ya taɓa kawo mini labari don kishin ƙasa. Wani kuɗi yake so, wani gaba yake yi da abokin sana'arsa yana so a karya shi, wani kuma tsoro yake ji saboda an taɓa kama shi an sake shi. Babban aikin jami'i shi ne ya gane dalilin da ya sa aka kawo masa maganar, domin sau da yawa wanda ya nuna maka hanyar gabas so yake ka bar ta yamma a buɗe. Kuma wanda ke ba ka labarinsu, ka tabbata yana ba su naka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon na kowane ɓangare yana da tsaga.

Bari in ba ka misalin da kowa ya sani. Ranar 5 ga Yuli, 1984, aka sace Alhaji Umaru Dikko, tsohon ministan sufuri na gwamnatin Shagari, a ƙofar gidansa a Landan. Aka yi masa allurar barci, aka sa shi cikin akwatin katako tare da wani likita ɗan Isra'ila da zai kula da numfashinsa, aka kai filin jirgin sama na Stansted inda jirgin dakon kaya na Najeriya ke jira. Shiri ne da aka daɗe ana yi, aka kashe masa kuɗi. Me ya rushe shi? Sakatariyarsa ta hango abin da ya faru ta kira 'yan sanda, sannan akwatunan ba su ɗauke da alama da takardun da dokar jakadanci ta tanada kafin a ce kaya na ofishin jakadanci ne da ba a taɓawa. Saboda haka jami'an kwastan suka sami ikon buɗewa. An ɗaure mutum huɗu, uku 'yan Isra'ila da ɗan Najeriya ɗaya, gwamnatocin Najeriya da Isra'ila ba su amsa cewa da hannunsu ba, dangantakar Najeriya da Birtaniya kuma ta yi tsami na kusan shekara biyu. Ka ga ba a harba harsashi ko ɗaya a filin jirgin ba, takarda ce ta kayar da su. Ina faɗin wannan da ɗan alfahari, tun da abokan sana'ata ne suka yi aikin.

Game da tsoron maiɗakinka, kada ka yi mata dariya, tana da hankali. Ƙagaggen labari ba laifi ba ne, amma Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan ba a soke ta ba, kuma an sha gurfanar da mutane a kotu ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015 saboda abin da suka wallafa. Idan wani aboki mai aikin tsaro ya ce zai nuna maka wata takarda don ta taimaka maka, ka gode masa ka ƙi karɓa. Kada ka je bariki ko shingen bincike kana ɗaukar hoto da sunan bincike. Kada ka sa sunan mutum mai rai, ko ka siffanta shi yadda duk garin za su gane shi, ka ɗora masa laifi. Idan ka kiyaye waɗannan, ka yi barcinka.

Uwar Biyu ta amsa:

Malam, sannu da ƙoƙari. Ina girmama abin da Tsohon Alƙalami ya faɗa, amma da izininsa zan saɓa masa a wuri ɗaya. Kada ka je Kaduna yanzu. Mutumin da ya yi wata bakwai bai rubuta shafi ba, idan aka buɗe masa ɗakin tsofaffin takardu, zai sami wurin ɓuya na shekara biyu, kullum yana gaya wa kansa cewa bincike yake yi. Na san haka domin na taɓa yi. Ka gama zubin farko tukuna, ko da cike yake da ramuka, duk inda ba ka san abu ba ka sa alama ka wuce. Idan ka gama za ka san ainihin tambayoyi goma da kake buƙatar amsarsu, sai ka je ka nemo su cikin kwana uku.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina da tagwaye, kuma na kammala littattafai biyar duk a waya, ina sakinsu a Wattpad da ArewaBooks da rukunonin WhatsApp. Lokacina shi ne bayan sallar asuba kafin yara su tashi, minti arba'in, wani lokaci ma bai kai ba. Da daddare nake tabbatar da cewa wayar ta sami caji, ko da a shagon mai caji ne, saboda kada rashin wuta ya zama hujja. An ce Ian Fleming, marubucin labaran leƙen asiri na James Bond, yana rubuta kalma dubu biyu a rana, amma shi a gidansa na bakin teku a Jamaika yake yi, a lokacin hutun da yake ɗauka duk shekara, babu ajin da ke jiransa. Kai ka yi lissafi da naka hali. Kalma 300 a rana, kwana shida a mako, cikin mako 40 ta zama kalma 72,000, kuma wannan littafi ne cikakke. Abin da ke kashe mu shi ne jiran dogon hutu, wanda idan ya zo sai biki da suna da ta'aziyya su cinye shi.

Gargaɗi ɗaya da zan yi maka da babbar murya: kada ka fara sakin labarin nan kashi-kashi kafin ka gama shi. Labarin soyayya yana jure wannan, domin ana iya bin ra'ayin masu karatu a karkata. Labarin asiri ba ya jurewa. Na taɓa sakin wani labarin kisan kai kullum shafi-shafi, sai da na kai kashi na talatin na gane cewa wanda nake so ya zama mai laifin ya kamata a ce an gan shi tun kashi na uku, ga shi kuwa dubban mutane sun riga sun karanta. Dole na ɗora laifin a kan wata baiwar Allah da ba ta ji ba ba ta gani ba, kuma har yau masu karatuna suna yi mini gori. A irin labarinka, duk abin da zai fashe a ƙarshe sai an binne shi tun farko, kuma ba za ka san inda za ka binne shi ba sai ka ga ƙarshen.

Sannan ina matan labarinka? A bayaninka ban ji ko ɗaya ba. Ban faɗi haka don mafi yawan masu sayen littafi a hannuna mata ne kawai ba, ko da yake wannan ma dalili ne. Ka duba yadda gidajenmu suke. Jami'inka namiji, komai ƙwarewarsa, iyakarsa zaure. Yana ganin "ba a shiga" ya tsaya. Rabin abin da ke faruwa a gari a bayan wannan ƙofar yake. Wa ke ratsa ta ba tare da an tambaye ta ba? Dillaliya, da mai kitso, da mai aiki, da ungozoma, da yarinya mai tallan goro. Ko a fada, jakadiya ce ke kai saƙo tsakanin cikin gida da waje. Dillaliyar da ta san matar wane ce ta sayi gwal na miliyoyi a watan da mijinta ke kukan babu, ta fi kowace na'urar sauraro da za ka aro daga fim amfani.

Maganar kuɗi kuwa, kada ka bar aikinka. Ranar da ka saki littafi, kafin magariba wani ya tura shi rukuni goma kyauta.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Gaisuwa ga kowa daga wannan ɓangare na iyaka. Malam, tun da makaman labarinka ta Jibiya suke shiga, to daga wajenmu suka fito, don haka ina roƙonka kada ka mayar da Nijar wani duhun daji da miyagu ke ɓullowa daga cikinsa. Hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi Jibiya, ta ratsa Ɗan Isa ta shiga Maraɗi, mutanen da ke gefenta biyu dangin juna ne, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna. Amma da mutuminka ya tsallako, abubuwa za su sauya a bakinsa: kwastan ya zama duwan, zai haɗu da jandarma, kuɗi ya koma sefa ana lissafi da jaka. Ɗan leƙen asirin da ya yi kuskuren kalma ɗaya a tashar Maraɗi an gane baƙo ne, kuma wannan kaɗai ya isa babi guda.

Na yarda da Hajiya Uwar Biyu cewa bincike yana iya zama maɓoya, amma ƙaramin abu na gaskiya yana da nauyin da bai kamata a raina ba, kuma ƙasata ta ga haka da idonta. Kafin yaƙin Iraƙi an yaɗa wasu takardu da ke nuna wai Nijar ta yi yarjejeniyar sayar wa Saddam Husaini tan 500 na yuraniyom, ma'adinin da ake haɗa makamin nukiliya da shi. A Fabrairun 2002 hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta turo tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai, ya bincika ya koma ya ce bai ga alamar haka ba, amma duk da haka zargin neman yuraniyom daga Afirka ya fito a jawabin Shugaba Bush na Janairun 2003. A watan Maris na shekarar hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta bayyana cewa takardun jabu ne. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka tona su shi ne wata wasiƙa mai kwanan watan Oktoban 2000, ɗauke da sunan ministan harkokin wajen da ya bar kujerar tun 1989. Duk wani ɗan Nijar mai sauraron rediyo zai iya gane wannan. Daga baya, a Yulin 2003, aka fallasa a jarida cewa matar Wilson, Valerie Plame, jami'ar CIA ce, abin da ya kawo ƙarshen aikinta na ɓoye. Wanda ya ƙirƙiri waɗannan takardu da marubucin ƙagaggen labari sana'arsu ta yi kama, kuma inda ya faɗi nan marubuci ke faɗuwa.

Idan wata rana ka so komawa baya, akwai wani zamani da ban ga an taɓa shi sosai da Hausa ba. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Nijar tana hannun gwamnatin Faransa ta Vichy mai ɗasawa da Jamus, Najeriya tana hannun Ingila, Chadi kuma ta bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, tun Agustan 1940. A daidai wannan lokaci jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi, a ƙasar Ghana ta yau, suna sauka Kano da Maiduguri a hanyarsu ta zuwa Khartum da Alƙahira. Ka yi tunanin fatake da almajirai da masu ziyarar dangi da ke kai da komo tsakanin Damagaram da Kano a waɗannan shekaru, da irin tambayoyin da Turawan kowane ɓangare za su so su yi musu.

Ɗan Tudun Wada ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta amsoshin nan sau uku, na kuma karanta wa maiɗakina ta Baba, ta ce a gaishe shi, kuma a faɗa masa ta ji daɗi da aka sami wanda ya goyi bayanta.

Daren jiya na koma kan babi takwas ɗin da nake taƙama da su, sai na lura da wani abu. A babi na uku akwai wani direban motar haya mai bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi, wanda ya ba jami'in labari a layi huɗu kacal ya ɓace. Ban taɓa tambayar kaina dalilin da ya sa ya yi maganar ba. Da na zauna ina neman dalilin, sai na ga ana binsa bashin kuɗin motar, kuma mutumin da zai tona wa asiri shi ne ya biya wa mahaifiyarsa kuɗin asibiti, sannan matarsa 'yar Maraɗi ce, ƙanwar ɗaya daga cikin masu safarar. Wannan mutumin na san shi, na san gidansu, na san yadda yake gaisuwa, ba kamar jami'in ba wanda ko sunan unguwarsu ban taɓa sani ba. Ina ganin labarin nasa ne, jami'in kuma zai koma wanda ake gani jefi-jefi yana zuwa shan shayi a tasha. Wannan yana nufin kusan shafi casa'in za su tafi, kuma ban ce abin bai yi mini ciwo ba.

Na bi shawarar Hajiya na ajiye tafiya Kaduna sai hutun ƙarshen zango. Yau bayan asuba na rubuta kalma 340, mafarin sabon babi na ɗaya, inda direban ke lodi a tasha. Malam na Damagaram, akwai abin da na sa wa alama na wuce: idan direban Najeriya ya isa shingen Ɗan Isa da fasinjoji, wa yake fara tsayar da shi, duwan ko jandarma, kuma da wace kalma yake gaishe su?